Noio Ta Koma Ruwa

Litinin, 14 ga Agusta, 6:10 na safe

Iska daga arewa maso gabas, ba ta da ƙarfi. Teku kwance.

Saura kwana arba'in da ɗaya tseren mata daga Molokai zuwa Oahu, Noio kuwa tana nan kwance a rumfar Baffa Moke bisa tsofaffin tayoyi, goshinta a tsage. Kakana ne ya sassaƙa kwalekwalen nan daga gungumen koa guda ɗaya, shekara sittin da wani abu ke nan, kuma a gidanmu "ita" muke ce mata. Sau goma sha tara na zauna a wutsiyarta ina saita mata hanya muka ƙetare mashigin Kaiwi. Ban taɓa ganin cikin namanta ba sai bana. Ja ne, kamar na mutum.

Baffa Moke ƙanen babana ne. Shekararsa saba'in da takwas, shi kaɗai ya rage a nan Waimanalo da ya iya ɗinke icen koa. Jiya na tambaye shi ko za ta shiga ruwa kafin tseren. Ko ɗago kai bai yi ba, ya ce, "Ulu, kin tare mini haske. Matsa."

Kawena, 'yata, tana can wurinsa tun gari bai gama wayewa ba. A ƙafa ta tafi. Yanzu ko'ina a ƙafa take zuwa.

Talata, 15 ga Agusta, 6:45 na yamma

Na kai Kawena coci, ɗakin baya inda masu ƙoƙarin barin giya suke zama a da'ira kowace Talata. Na jira a mota awa ɗaya. Da ta fito ta ce, "Yau kwana talatin da takwas ban taɓa ba, Mama." Na ce madalla. Na kunna rediyo.

Alhamis, 17 ga Agusta, 7:00 na yamma

Atisaye da kwalekwalen zamani da muka aro. Ba shi da laifi, amma bai san mu ba, mu ma ba mu san shi ba.

Mu tara ne. Tseren mata goma yake so, shida a ciki, huɗu a jirgin rakiya ana sauyawa. Kujera ta ɗaya ta Pualei ce, shekara shida ita ke ba mu bugun filafili, mu biyar na baya mu bi. Yau Haunani ta gwada zama a wurin. Haunani tana da ƙarfi kamar mutum biyu, amma bugunta irin na mai daka ne da yunwa ta kama. Cikin minti goma ta kusa kashe mu. Ita da kanta ta juyo ta ce, "Anti Ulu, ki mayar da ni kujerata ta uku kafin ku yi mini taron dangi."

Duk an yi dariya ban da Nohea. Ita ce yayar Pualei. Muna wanke kwalekwale take gaya wa wata, ba ni ba, cewa an sake yi wa Pualei aiki a kafaɗa ranar Litinin, an ƙara ƙarfe.

Ban je gidansu Pualei ba.

Asabar, 19 ga Agusta, azahar

Na dafa kaza da shinkafa na zuba a kwano don in kai. Kwanon na kan teburi.

Laraba, 23 ga Agusta, 5:30 na yamma

Na leƙa rumfa. Baffa ya matse tsagar, yanzu yana dasa ƙananan faci na koa a gicciye, masu siffar malam-buɗe-littafi. Bakwai ya dasa, saura huɗu. Kawena na durƙushe tana gugar jikin Noio, kan yatsunta duk ya saɓe. Ta gaishe ni ba ta daina ba.

Baffa ya raka ni bakin mota. Ya ce, "Yarinyar nan tana magana da Noio in ta ga na juya baya."

Na ce, "Me take ce mata?"

Ya ce, "Ba da ni take ba. Ke fa, me kike ce mata?"

Na ce, "Wa? Noio?"

Ya dube ni ta saman tabarau. Ya koma ciki.

Juma'a, 25 ga Agusta, 4:00 na yamma

Mun je kotu a Honolulu. Kawena ta sa rigar da ta sa ranar jana'izar babanta, ba ta da wata mai dogon hannu. Duk abin da aka karanta game da hatsarin ta ce haka ne. Motar, da tirelar da Noio ke kai, da kwanar Makapuu, da Pualei a kujerar gaba. Ba su riƙe ta ba. Sun karɓe lasisi, sun ba ta aikin da za ta yi.

An tambaye ta yadda makullin motar ya zo hannunta a wurin walima, daren da aka yi hatsarin. Ta ce ita ta ɗauka.

Ina zaune a bayanta. Ina ganin ƙeyarta.

Lahadi, 27 ga Agusta, safe

Iska daga gabas. Na wanke tukwanen da na riga na wanke.

Alhamis, 31 ga Agusta, 7:15 na yamma

Mil ashirin yau, kuma ba daɗi. Mun gwada mutum uku a kujera ta ɗaya. Da muka fito da kwalekwale kan yashi Haunani ta zauna tana matse gashinta, ta ce, "Ni dai bakina ba ya iya riƙe magana. Kowa a nan ya san wadda ta iya bugun Pualei. Tana can tana cin ƙurar katako."

Nohea ta ajiye filafilinta a hankali, ta ce, "Ƙanwata ba ta iya ɗaura wa ɗanta takalmi. Ni nake zuwa da safe in taje mata kai. In kuna so ku ɗauki wadda ta yi mata haka ku ɗora a kujerarta, ku nemi wata a kujera ta huɗu ma."

Duk suka juyo suna dubana, don ni ce babba, ni ke fidda sunaye. Na ce Nohea ta yi gaskiya, a bar maganar. Haunani ta ce, "To, Anti." Irin "to" ɗin da ba na so.

A gida Kawena ta tambaye ni yaya atisaye. Na ce lafiya lau.

Asabar, 2 ga Satumba, yamma

Na bi ta layinsu Pualei. Ban tsaya ba.

Litinin, 4 ga Satumba, 3:20 na yamma

Ita ta zo.

Ina rumfa ina riƙe wa Baffa gwangwanin fenti, sai ga Pualei a bakin ƙofa, hannunta na dama ɗaure a ƙirji. Ta rame. Kawena ta miƙe tsaye, takardar guga na hannunta, ta kasa gaba ta kasa baya.

Pualei ta fara gaishe da Noio, ta dafa goshinta da hannun hagu. Ta gaishe da Baffa. Sannan ta ce mini, "Anti, wata biyu ina jin ƙarar motarki tana wucewa. Na san ta, salansarta ta fashe."

Na ajiye gwangwanin fentin a ƙasa.

Ta juya ga Kawena. "Ke kuma. Wasiƙa huɗu kin turo mini, duk kuka ne a ciki, har na gaji da karantawa. Na ji an sa Haunani a kujerata."

Kawena ta ce, "Sau ɗaya ne."

"Sau ɗayan ma ya yi yawa. Tun muna 'yan shekara goma kike bayana a kujera ta biyu, kin san numfashina. Ki hau. Ba wai na huce ba ne, kar ki ɗauka haka. Akwai ranakun da in na tuna ki sai in ji kamar in fasa wani abu. Amma ba zan zauna a Waikiki, inda tseren ke ƙarewa, da hannu ɗaya in ga ƙungiyar 'yan Hilo ta riga Noio shigowa ba."

Kawena ta ce, "Yaya Nohea fa?"

"Nohea tawa ce. Ki bar ni da ita."

Baffa ya ce tunda an gama taro a ba shi fentinsa.

Alhamis, 7 ga Satumba, 7:30 na yamma

Kawena a kujera ta ɗaya. Nohea ta zo, ta zauna a ta huɗu.

Bugu ashirin na farko na ji abin a ƙasan cinyata. Kwalekwalen ya ɗaga. Filafilai shida suna shiga ruwa da sauti ɗaya. Na manta yadda hakan yake. Haunani tana kiran sauyin hannu cike da daɗi.

Da aka tashi Nohea ta shiga motarta ba ta tsaya wanka ba.

Talata, 12 ga Satumba, 6:50 na yamma

Kwana sittin da shida, in ji Kawena da ta fito daga coci. Yau ban kunna rediyo ba.

Asabar, 16 ga Satumba, 11:00 na safe

Noio ta koma ruwa.

Mu goma muka ɗauko ta a kafaɗa daga rumfa, goshinta na fuskantar teku. Faci goma sha ɗaya suna sheƙi a jikinta, Baffa bai ɓoye ko ɗaya ba. Ya ɗebo ruwan teku a ƙwarya, ya yayyafa mata da ganyen ti daga goshi har wutsiya, yana kiran sunan dutsen da aka sare ta, da sunan kakana, da na babana. Aka busa babbar katantanwa sau huɗu. Tsofaffin unguwa sun fito, wasu da kujerunsu.

Muka kai ta bayan duwatsun ruwa muka dawo. Nohea ta shafa cikinta da tafin hannu, ta ɗaga wa Baffa. A bushe. Baffa ya ce, "Da me kuke tsammani?" Amma na ga ya juya yana share tabarau da gefen rigarsa, ya daɗe yana sharewa.

Jibi za a ɗora ta a jirgin kaya zuwa Molokai.

Laraba, 20 ga Satumba, safe

Masu hasashe sun ce iska mai ƙarfi ranar Lahadi, raƙuman ruwa ƙafa takwas zuwa goma. Irin ruwan Noio ke nan. Ina jin tsoro, kuma ba na ruwan ba.

Asabar, 23 ga Satumba, 5:45 na yamma, Hale o Lono, Molokai

Jan ƙasa da zafi. Kwalekwale sama da sittin a jere a bakin gaɓa. Na koa guda bakwai ne.

Mun wuni muna ɗaura ama, gungumen hagu da ke hana ta kifewa. Mun ja igiya har tafin hannu ya yi ja. Da muka gama Baffa ya ce kowa ta zauna a inuwar Noio. Ya ce ba a shiga Kaiwi da ƙulli a ciki, haka kakanni suka bar mana, mashigin yakan nemo ƙullin ya ja. Ya yi addu'a. Ya ce duk mai magana ta yi, ba mai katse wata.

Kawena ta fara. Ba ta yi kuka ba. Ta faɗi abin da ta yi da sunansa.

Nohea ta yi tata. Ta daɗe. Ta faɗi yadda ta tarar da ƙanwarta a asibiti. Ba zan rubuta ba.

Baffa ya ce, "Saura wa?" Bai dube ni ba. Noio yake duba.

Na faɗa. Na ce ina cikin masu waƙa a daren walimar, ba na son tashi, kuma na ga idonta, na ji warin giya a bakinta, na san shekara biyu ke nan tun rasuwar babanta nake gani ina kau da kai. Na ce ba ɗauka ta yi ba. Ni na ciro makullin daga aljihuna na miƙa mata.

Kawena ta ce, "Mama, ba sai kin..." Baffa ya ɗaga mata hannu.

Nohea ta dube ni har na ji kamar ƙasa ta buɗe. Ta ce, "Wata biyu da rabi kika bar ta ta ɗauka ita kaɗai, Anti."

Na ce, "E."

Ta ce, "Ni ba yau zan yafe ba. Amma gobe zan ja."

Baffa ya ce hakan ya isa ƙetare ruwa. Aka kawo tuwon gwaza da busasshen kifi. Na ci kamar wadda ta tashi daga jinya.

Lahadi, 24 ga Satumba, 5:50 na safe

Iska ta iso. Ana jin ta a cikin itatuwa. Kawena ta kitse mini gashi.

Lahadi, 24 ga Satumba, 6:30 na yamma, gida

Yatsuna sun kumbura, alƙalami na zamewa, amma sai na rubuta kafin ya fara gushewa.

Ƙarfe takwas aka saki tuta. Har muka wuce ƙarshen Molokai ruwan a hargitse yake, jiragen rakiya na ta da kumfa ta ko'ina. Muna fita fili sai Kaiwi ta nuna kanta. Shuɗi mai duhu, tuddai suna tafe daga bayanmu ta dama, kowanne da farar hula. 'Yan Hilo, waɗanda suka ci rukunin kwalekwalen koa bara, suna gabanmu da kamar tsawon kwalekwale goma. Suka miƙe kai tsaye. Ni na karkata arewa. Haunani ta waiwayo ta ce, "Anti, Oahu fa can take." Na ce ta ja kawai. Babana ya koya mini, in ruwa na janyewa kudu da hantsi, sai ka hau sama ka bari ya sauko da kai.

Awa biyu ba mu ga kowa ba sai kifaye masu fiffike. Na fara zargin kaina. Duk minti ashirin da biyar jirgin rakiya yakan zubar da mata uku a gabanmu, in kai musu Noio, uku su faɗa ruwa ta dama, uku su hau ta hagu ba tare da mun tsaya ba. Ni ban sauka ba. Ban taɓa sauka ba.

A sauyi na bakwai abin ya so ɓaci. Kawena na cikin ruwa tana jiran hawa. Daidai lokacin wani tudu ya ɗaga goshin Noio, hannunta ya zame daga wurinta, ta bi gefen kwalekwale tana kamawa tana suɓucewa, sandar ama ta buge ta a kafaɗa. Na ga kanta ya nutse. In ta wuce mu, sai mu ja da mutum biyar har jirgi ya zagayo, ga shi kuma tana ƙarƙashin igiyoyi. Nohea ta saki filafili a cinya, ta zura hannu har kafaɗa, ta damƙo ta ta ƙugun wando, ta ɗago ta kamar buhu ta kifa a kan tamfol ɗin da ya rufe saman Noio. Ta ƙunduma wani ashar da ban taɓa ji a bakinta ba. Ba a zagi a cikin Noio, kowa ya sani. Sai ta bubbuga gefen kwalekwalen ta ce, "Yi haƙuri, Kaka, ba da ke nake ba." Ta ce wa Kawena, "Rarrafa ki tafi kujerarki, ba hutu kika zo ba."

Kawena ta rarrafa bisa tamfol, ta wuce mutum biyu, ta shige kujera ta ɗaya, jini na bin hannunta. Ta ɗauki bugu.

Daga nan na juya goshi zuwa Oahu, raƙuman suka dawo bayanmu sosai. Noio nauyi gare ta, ba ta saurin hawa, amma in ta hau ba ta sauka. Na ce, "Yanzu," Kawena ta ƙara wuta, wutsiya ta ɗaga, muka gangara. Muna sauka daga wannan ta kama na gaba. Na ƙirga bakwai a jere, daga nan na daina ƙirga. Ruwa na tashi ta gefe biyu kamar fiffike, icen na kuka a ƙarƙashina, irin kukan da nake ji tun ina yarinya a cinyar babana. Nohea na kwashe ruwa da gwangwani tana dariya. Baffa a jirgin rakiya ya cire hula yana kaɗawa, mutumin da likita ya hana tsayuwa a jirgi.

Da muka matso dutsen Koko sai na hango 'yan Hilo can kudu, suna fama da ruwan da ke ja musu baya. Muka haɗu a gindin dutsen Leahi, gefe da gefe, har ina jin mai kiransu. Daga nan babu tudu, babu dabara, sai ƙashi da nama. An zo sauyin ƙarshe, ana so a fid da Kawena saboda hannun. Ta girgiza kai. Nohea ta ɗaga murya ta ce wa jirgi, "Ku bar ta."

Ban san yadda zan rubuta mil huɗun nan ba. Bayan Kawena kawai nake gani, yana lanƙwasa yana miƙewa. Goshinsu na daidai kujerarmu ta uku, sai ta huɗu, sai ga shi a gefena, sai na daina ganinsa.

Awa shida da minti goma sha takwas. Na ɗaya a kwalekwalen koa. Na goma sha ɗaya a duka, mun bar na zamani hamsin da wani abu a baya.

Pualei ta shigo ruwa har ƙugu da rigarta, Nohea na yi mata faɗa kar ɗaurin ya jiƙe. Da hannu ɗaya ta rataya wa Noio sarƙar ganye a goshi. Ta rataya wa Kawena ta furanni, ta ce, "Kin yi saurin bugu a awa ta farko, a waya ma na gani. Kuma aro na ba ki. Baɗi ina son kujerata."

Kawena ta ce, "Na ji." Sannan ta yi kukan da ta riƙe.

Ni Pualei ba ta rataya mini komai ba. Nohea ta riga ta gaya mata ta waya tun jiya. Ta ce, "Anti, gobe ina gida. Ki tsaya wannan karon." Na ce zan tsaya.

Ɗinki huɗu aka yi wa Kawena. Haunani ta ci faranti uku, tana neman na huɗu.

Litinin, 25 ga Satumba, 8:15 na safe

Na je gidan Pualei ƙarfe bakwai. Na faɗa mata da bakina. Ta saurara har ƙarshe, ta miƙo mini mataji. Na taje mata kai.

Na dawo na tarar Kawena ba ta tashi ba. Na shiga in rufe taga, ta buɗe ido ɗaya ta ce, "Mama, da gaske mun ci?"

Na zauna a bakin gadon. Na ce, "Mun ci. Matsa mini, bayana ciwo yake."

Ta matsa.